Labaran na Auwalu da Fadamar da Ba a Kira wa Shaidu Ba

Haihuwarsa da asalinsa

A garin Gubuchi, cikin ƙasar Makarfi ta lardin Zazzau, Allah ya kawo Malam Labaran duniya a shekarar 1903, wadda ta yi daidai da 1321 bayan Hijira. Mahaifinsa, Malam Zailani, manomi ne da ke taɓa ɗinkin hula idan rani ya yi, mahaifiyarsa kuwa Hajo, 'yar wani marini ce daga Ikara. Shi ne na huɗu a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. Duk da haka ba da sunan mahaifinsa jama'a suka san shi ba, domin tun yana saurayi har ƙarshen rayuwarsa Labaran na Auwalu ake ce masa, kamar yadda aka saba kiran bara da sunan ubangidansa.

Karatunsa

Yana da shekara shida aka sa shi karatun allo a zauren limamin Gubuchi, inda ya kai izu ashirin kafin yunwar shekarar 1914 ta tarwatsa makarantar. A cikin wannan yunwa mahaifinsa ya rasu, aka sayar da gonarsu domin a ci abinci, karatu kuma ya tsaya daga nan. Waɗanda suka yi zamani da shi a zauren sun ce bai shahara da hadda ba, amma wajen ladabi babu kamarsa, har ladabin ya so ya yi yawa: idan wani yaro ya yi ɓarna aka ɗora masa, sai ya miƙa hannu a yi masa bulala, don kada a ce ya musa wa malam.

Shigarsa gidan Auwalu

A shekarar 1919 kawunsa ya kai shi Makarfi ya damƙa shi ga Malam Muhammadu Auwalu, wani attajiri mai gonakin rake, wanda yake cikin mutanen farko da suka kafa injin matsar rake a wannan yanki. Injin na wancan lokaci doki ne ke juya shi: a ɗaura masa doguwar sanda ya yi ta zagaye, mutum ɗaya yana tsugune yana cusa rake tsakanin ƙarafa, ruwan yana tsiyaya, a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila.

Ba a yi cinikin lada ba a ranar da aka kai shi, kuma da wani ya tayar da zancen da an ɗauke shi mara tarbiyya. An yi fatiha, an raba goro, shi ke nan Labaran ya zama ɗan gida. Ci da sha da sutura suna wuyan maigida, haka harajinsa. Shi kuma babu aikin da zai ce ba nasa ba ne. Ya fara da kora doki, ya koma hura wuta da tuƙar rake, daga shekarar 1923 kuwa ya zama shi ne mai cusa rake, aikin da ya riƙe kusan shekara talatin. Da damina yana gonakin maigida, da rani yana rumfar inji, ranar kasuwa kuma yana bayan jakuna zuwa Ikara da kayan mazarƙwaila.

Aurensa da zancen fadama

A shekarar 1926 Malam Auwalu ya yi masa aure da Azumi, 'yar wani manomin rake daga Kudan, ya biya sadaki, ya yanka masa fili a bayan gidansa ya gina masa ɗakuna. Bayan biki da 'yan kwanaki ya ɗauke shi zuwa wata fadama a gabashin gari, ya nuna masa iyakokinta da bakin sanda, ya ce ya riƙe ta ya ci da iyalinsa. Su biyu ne kawai a wurin, sai wani tsohon mai kiwon dawakin gidan da bai daɗe ba ya rasu. Maigida bai ce kyauta ba ce, bai kuma ce aro ba ne, Labaran kuwa ya durƙusa ya yi godiya bai tambaya ba.

Wannan fadama ita ce ta riƙe gidan Labaran. Daga ita ake samun rake da albasa da tumatir, daga ita aka yi wa 'ya'ya suna da kaciya. Kuma daga ita ne fargabar da ta zauna a gidan ta samo asali, domin Azumi 'yar manoma ce, ta san yadda gona ke fita daga hannun mutum. Tun a shekarar farko ta fara roƙon mijinta ya nemi maigida ya tara dattawa biyu ko uku ya faɗi matsayin fadamar a gabansu. Kowace kaka sai ta tayar da zancen, kowace kaka sai ya ce zai yi. Sau da yawa ya je zaure da niyyar magana, ya gaisa, ya tambayi lafiyar iyali da ta dawaki, ya yi ta murza hula a hannu, ya tashi bai faɗa ba. A ganinsa neman shaidu a kan alherin da aka yi masa daidai yake da cewa bai yarda da mai alherin ba. Ba wai bai damu ba ne. Iyalinsa sun ce duk lokacin da aka ji maigida ya kwanta ciwo, ko da mura ce, Labaran ba ya iya cin tuwo.

Akwai kuma wata al'ada da ya ɗora wa kansa ba tare da kowa ya sa shi ba. Duk shekara idan rakensa ya nuna, sai ya zaɓi mafi kauri ya ɗaure dami guda, ya ɗauka a ka ya ratsa kasuwa da shi har ƙofar gidan maigida, kafin ya sayar da ko kara ɗaya. Yana yin haka da alfahari, mutane kuma suna yaba masa. Azumi ce kaɗai ba ta son ganin damin nan, tana cewa a Kudan mai gonar aro ne ke yin haka.

Zuwan sabon inji

Lokacin yaƙin duniya na biyu sukari ya yi wuya, kasuwar mazarƙwaila ta buɗe, Malam Auwalu ya ƙara arziki har ya sauke farali a shekarar 1948. Babban ɗansa Ladan, wanda ya yi 'yar makarantar boko a Zariya, shi ya matsa wa Alhaji a ajiye dawaki a sayo inji mai shan mai, aka kuwa kafa shi a farkon ranin 1951. Abin da doki ke matsewa a mako, injin nan yana gamawa kafin la'asar, kuma ba ya ƙoshi da rake.

Labaran ya ci gaba da cusa rake kamar da. Sai dai hannunsa da tafiyar doki ya saba, kuma a zamanin doki idan yatsa ya kusa shiga ƙarfe, tsawa ɗaya ake yi dabba ta tsaya cak. A watan Fabrairun 1952, da hantsi, wani lanƙwasasshen kara ya ja hannunsa na dama. Ya yi tsawar da ya saba yi, ma'aikatan rumfa ma suka yi, kafin wani ya tuna inda ake kashe injin aikin gama ya gama. A motar da ta zo ɗaukar mazarƙwaila aka kai shi asibiti a Zariya, aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Zaman Baturen leba

Daga asibiti labari ya isa ofishin ƙwadago, aka aiko cewa Baturen leba, wato jami'in ofishin, zai zo Makarfi ya binciki lamarin. Hankalin gidan Alhaji ya tashi, haka na sauran masu inji daga Makarfi har Kudan, domin an ji cewa dokar Gwamnati ta wajabta wa mai inji ya biya diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kuma kowa ya san idan aka fara da ɗaya ba za a tsaya a kansa ba.

Gidan Labaran ma ba a kwana lafiya ba a makonnin nan. Idan ya ce shi ma'aikaci ne, zai sami diyya, amma ya ja daga da mutumin da ya yi masa aure, kuma babu abin da zai hana a ce ya bar fadama. Idan ya ce shi ɗan gida ne, ya bar diyya ya riƙe alherin maigida, alherin da babu mai shaida a kansa. Azumi ta ce masa ba ta damu da wanda zai zaɓa ba, amma yanzu ne kaɗai lokacin da Alhaji ke bukatar bakinsa, don haka ya nemi a tara shaidun fadama kafin Bature ya iso.

A yi wa Alhaji Auwalu adalci, bai yi barazana ba, bai kuma aiko kowa ya yi ba. Shi ya biya kuɗin magani, ya zo dubiya da kansa da sabuwar riga da buhun gero. A wannan zuwan ne Labaran, a karo na farko cikin shekara ashirin da shida, ya iya buɗe baki ya ambaci fadama, kansa a sunkuye. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce: "Haba Labaran, kai da kayanka? Bari a gama da baƙon nan hankali ya kwanta, sai in tara mutane. Muddin ina numfashi babu mai taɓa ka." Labaran ya ji daɗin maganar ƙwarai. Azumi da ke bayan zana ta ji ta ita ma, sai dai ƙarshenta ne ya tsaya mata a rai.

An yi zaman a watan Afrilu a ƙofar fadar hakimi, gaban jama'a masu yawa. Tafinta ya bayyana wa Labaran cewa abin da ake so a sani ɗaya ne: shin ɗaukarsa aka yi aiki a kan lada, ko kuwa a'a? Ya ƙara da cewa rashin takarda ba ya hana, yarjejeniyar baki ma doka ta san da ita, kuma abinci da sutura da harajin da ake biya masa ana iya lissafa su a matsayin lada idan shi ya ce haka ne. Alhaji yana zaune a gefe a kan buzu. Labaran ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ban taɓa cinikin lada da Alhaji ba, ko sau ɗaya. A gidansa na girma, shi ya yi mini aure. Abin da na yi masa, ɗa ma zai yi wa ubansa. Ni ba ɗan ƙwadago ba ne."

Bature ya sa a sake tambayarsa, a kuma gaya masa cewa neman diyya yana da wa'adi, idan ya wuce ba a komawa. Labaran ya maimaita maganarsa. Aka rufe bincike, masu inji suka yi ajiyar zuciya, aka yi makonni ana ba da labarin amanarsa a kasuwannin Ikara da Kudan, har wani maroƙi ya sa shi a kirari. Babu wanda ya tambayi yadda mai hannu ɗaya zai riƙe fartanya.

Rasuwar Alhaji da shari'ar gado

Taron shaidu bai yiwu ba a wannan shekara, domin damina ta shigo. Bai yiwu a ta gaba ba, domin Alhaji yana fama da ƙafa, Labaran kuma ya ga bai kamata a dami mara lafiya ba. 'Ya'yansa maza ne suka riƙa noma fadamar, shi yana nuna musu da hagu, damin rake kuwa bai fasa zuwa ƙofar gida ba, sai dai yanzu babban ɗansa Gambo ke ɗauka. A watan Agustan 1954 Alhaji Muhammadu Auwalu ya faɗi a hanyar masallaci, bai sake magana ba har ya cika bayan kwana biyu. An ce a wurin jana'iza babu wanda ya kai Labaran kuka, kuma shi kansa ba zai iya rabe kukan rashin da na tsoro ba.

Da aka zo rabon gado aka lissafa fadamar cikin dukiyar mamaci, ta faɗo a rabon Ladan. Ladan ba azzalumi ba ne yadda masu ba da labari suke so su mayar da shi, amma ya ƙulla kwantiragi da wani ɗan kasuwa na Kano a kan zai riƙa ba shi mazarƙwaila duk mako, inji kuma yana neman rake fiye da abin da gonakinsa ke bayarwa. Ya aika wa Labaran cewa ya girbe abin da ya shuka, daga nan ya ɗaga.

A farkon shekarar 1955 Labaran ya kai ƙara gaban alƙalin gunduma, abin da ya ce shi ne mafi ɗacin aikin da ya taɓa yi. Da'awarsa ta farko ita ce fadamar kyauta ce. Alƙali ya nemi shaidu, babu. Aka duba daɗewar da ya yi yana nomanta ba tare da an yi masa jayayya ba, wanda a shari'a hujja ce mai ƙarfi, har 'yan uwansa suka fara sa rai. Sai Ladan ya gabatar da mutane, ba biyu ba, ba uku ba, waɗanda suka shaida cewa duk shekara suna ganin damin raken fadamar nan yana ratsa kasuwa zuwa ƙofar Alhaji. Alƙali ya tambayi Labaran ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne, amma don ƙauna yake yi. Alƙali ya ce zuciya Allah ne ya san ta, shi da zahiri yake hukunci, kuma a al'adar ƙasar nan wanda ke kai amfanin fari ga wani kowace shekara ya yarda ke nan cewa ƙasar ta wancan ce.

Wani malami daga Kudan, ɗan uwan Azumi, ya ba shi shawara ya canza da'awa: tunda ba ɗa ba ne balle ya ci gado, fadama kuma an ce aro ce, to ya nemi a ƙiyasta masa ladan aikin da ya yi wa mamaci tun 1919 a fitar daga dukiyar, domin shari'a ta san da ladan kwatankwaci ga wanda aka sa aiki ba a yanka masa lada ba. Wannan da'awa ta girgiza magada, aka ɗaga zama sau da yawa, Labaran yana zuwa yana dawowa, yana ramewa. A ƙarshe Ladan bai bukaci kawo komai ba illa ya tunatar da kotu zaman ƙofar fada, inda Labaran da bakinsa, gaban rabin gari, ya ce bai yi aikin don lada ba. Alƙali ma yana wurin a ranar. Ya ce iƙirarin mutum a kan kansa ya fi shaidar kowa, ba shi da ikon warware shi.

An ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka tabbatar da hukuncin a shekarar 1956. Daga kotu Labaran ya wuce ofishin ƙwadago da ƙafa, inda wani akawu ya saurare shi da haƙuri, ya gaya masa cewa wa'adin neman diyyar hannunsa ya wuce tun shekaru. Haka ya dawo Makarfi: a wurin Gwamnati shi ɗan gida ne, a wurin rabon gado shi bare ne, kuma kowane ɓangare da maganarsa ya kama shi.

Shekarunsa na ƙarshe

An bar masa ɗakunan da yake ciki, fadama kuwa ta koma hannun Ladan a kakar 1956. Shekara guda gidan yana rayuwa da ƙosan da Azumi ke soyawa da abin da 'ya'yansa maza suka samo. Ba a taɓa jin ta ce masa ai ta faɗa ba. 'Ya'yansu sun ce da ta faɗa ɗin da ya fi masa sauƙi.

A ranin 1957 Ladan, wanda surutun mutane ya dame shi, ya kira Labaran zaure ya ce ya zo ya riƙa gadin rumfar inji, zai riƙa ganinsa da alheri kamar yadda marigayi ya saba. Labaran ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ya fita, ya dawo da limamin unguwa da wani mai awon hatsi, ya zaunar da su, shi kuma bai durƙusa ba. Ya ce:

"Ladan, a gabana ka yi wayo, ba zan ƙi aikinka ba. Amma ban son alheri. Faɗi ko nawa ne a wata, da ranar biya, mutanen nan su ji."

Ladan ya faɗa, shaidu suka ji, aka shafa fatiha. Yana da shekara hamsin da huɗu a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da aka yanka masa lada a rayuwarsa. Ya riƙe gadin rani biyu, ba ya makara, ba ya kuma ƙara ko taku ɗaya a kan abin da aka yi sharaɗi.

Rasuwarsa

Malam Labaran na Auwalu ya rasu ranar wata Talata cikin watan Rajab na 1378, daidai da Janairun 1959, bayan gajeriyar jinyar ciwon haƙarƙari, yana da shekara hamsin da shida. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar yammacin Makarfi. Ba a kashe inji ba a ranar, domin motar Kano tana jira.

Ya bar matarsa Azumi da 'ya'ya shida: Hussaina, wadda ɗan tagwaicinta ya rasu tun suna goye, tana aure a Ikara, Ummuhani tana aure a Kudan, Zulaihatu a Gubuchi, sai Luba, auta, da ke gaban mahaifiyarta. Maza biyu ne, Gambo da Zailani. Allah ya jiƙansa da rahama. Bayan addu'ar uku, da safe, Gambo da Zailani suka ɗauki addunansu suka koma saran rake a fadamar gabas da ubansu ya noma, inda ake biyansu kullum da yamma.